Ruwa da Mai a Hanjin Tsutsar Wake

Hutun da ya wuce ɗan ƙanwata ya dawo Maska daga jami'a, inda yake karatun sinadaran jikin halitta. Bayan la'asar ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. A fuskar wayar akwai wani abu kamar ƙullin zaren da ɗan akuya ya shiga ya hargitsa, shuɗi a tsakiya, ruwan lemo a gefe. Ya ce, "Kawu, ga furotin ɗin da ke kashe tsutsar wake. Kwamfuta ce ta zana shi, jerinsa kawai aka ba ta." Na sa yatsa na jujjuya hoton, na yaba, don abin yabawa ne. Sai na tambaye shi wane yanki ne a cikin wannan ƙulli yake huda hanjin tsutsar, kuma me ya sa shi ne mai hudawar. Yaro ya buɗa hoton, ya matse shi, ya sake buɗawa, daga bisani ya ce, "Kawu, sai na duba."

Ban ga laifinsa ba. In ma da laifi, namu ne, mu da muka yi shekaru a gaban allo muna sa yara hadda maimakon mu sa su tambaya. Amma tun ranar abin yake cina, shi ya sa na ɗauki alƙalami in rubuto muku, ku ƙannena da 'ya'yana da ke sakandare a Funtuwa da Bakori da Malumfashi, da ku da kuka riga kuka shiga jami'a a Samaru ko Dutsinma ko Katsina. Akwai wani fanni da ake kira hasashen mu'amalar furotin da tantanin ƙwayar halitta. Sunan ya fi abin tsoratarwa. Tushensa kun san shi tun kuna goye.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake tuyar ƙuli-ƙuli ya ga yadda ake matsar mai. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, takan zuba markaɗen gyaɗa a turmi, ta riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya. Can sai ka ga mai ya fara tsattsafowa yana ƙyalli, tunkuza ta dunƙule gefe. Ba wanda ya kori man. Ruwan da aka zuba ne ya haɗa kai da abin da ke son ruwa a cikin gyaɗar, shi kuwa mai ya rasa wurin zama ya fito ya nemi 'yan'uwansa. Ku riƙe wannan turmi a ranku, za mu yi ta komawa gare shi.

Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ce ko ta tsutsa ko ta ganyen wake, a lulluɓe take da tantani, kuma tantanin nan na mai ne. Ƙwayoyin man da suka yi shi kowace tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudun ruwa, sai suka jeru sahu biyu, wutsiya na kallon wutsiya, kawuna na fuskantar ruwan ciki da na waje. Wasu masana biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su suka gano sahu biyu ne a 1925, bayan sun tatse man jajayen ƙwayoyin jini sun auna faɗin da ya mamaye. Kaurin tsakiyar tantanin, wato wurin da yake mai zalla, bai wuce nanomita 3 ba, nanomita ɗaya kuwa ita ce milimita in an raba ta gida miliyan. Duk da siranta haka, gishiri da sukari ba sa iya ƙetare shi da kansu. Ganuwa ce, kuma ganuwa sai da ƙofa. Ƙofofin nan da masu gadinsu furotin ne. Kusan rubu'in furotin ɗin jikin mutum a cikin tantani suke zaune, kuma rabi ko fiye na magungunan da ake sayarwa a kemis su suke nufa.

Shi furotin carbi ne. Duwatsunsa iri 20 ne kacal, ana ce musu amino asid, kowanne an ba shi harafi ɗaya, ta yadda za a rubuta furotin gaba ɗaya kamar wata doguwar kalma marar wasali. Frederick Sanger na Ingila ya kwashe shekara kusan goma kafin ya gama karanta duwatsu 51 na insulin a 1955. Yau karanta jeri ya yi arha, na miliyoyin furotin suna ajiye kyauta a rumbun UniProt. Ganin surar da carbin yake ɗauka in ya naɗe shi ne jan aiki, musamman na mazauna tantani, domin da ka zare su daga cikin mai sai su cure su lalace. Sai a 1985 wasu Jamusawa uku suka fitar da cikakkiyar surar na farko, aka ba su kyautar Nobel a 1988. Saboda wannan wahala masana suka ce, tunda jeri na hannunmu, bari mu gwada karanta shi mu faɗi inda zai zauna.

Hanya ta farko da ta karɓu, wadda Jack Kyte da Russell Doolittle suka wallafa a 1982 daga Kalifoniya, ko kalkuleta ba dole ba ce a cikinta. Sun ba kowane dutse maki gwargwadon yadda yake gudun ruwa. I, wato aisolusin, shi ne gaba da 4.5. V na da 4.2, L na da 3.8, F na da 2.8. Masu son ruwa makinsu ƙasa da sifili yake: D da E kowanne −3.5, K na da −3.9, R kuma shi ne can ƙarshe da −4.5. Sai ka ɗauki duwatsu 19 a jere ka fitar da matsakaicin makinsu, ka matsa gaba da dutse ɗaya ka sake, har ka ƙure carbin. Duk inda matsakaicin ya haura 1.6, to da alama wannan yanki a cikin mai yake kwance. Me ya sa kusan ashirin? Saboda in carbin zai ratsa tantani murɗewa yake yi, kamar zare a jikin mazari, kuma a wannan murɗi kowane dutse nanomita 0.15 yake ƙara wa tsawo. Ashirin sau 0.15 ya ba ka 3, daidai kaurin man. Ranar da na fara fahimtar wannan na daɗe zaune ina jinjina ikon Allah.

Ina so kowannenku ya yi wannan lissafi da hannunsa sau ɗaya a rayuwa, kuma ga inda zai fara. A jikin jajayen ƙwayoyin jininku akwai wani furotin mai suna gilaikoforin A. Ba baƙo ba ne a wurinmu, don yana cikin ƙofofin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro takan kama in za ta kutsa cikin jini. A tsakiyar jerinsa za ku ci karo da waɗannan haruffa 23: ITLIIFGVMAGVIGTILLISYGI. Ku ƙirga. I bakwai, L uku, V biyu, babu K ko R ko D ko E ko ɗaya. Na zauna da biro na haɗa makinsu na samu 52.7, in an raba da 23 ya kama kusan 2.3. Ya wuce 1.6 da nisa. Wannan shi ne turken da ya kafe furotin ɗin a cikin tantani. Yanzu ku dubi haruffan da ke binsa nan take: RRLIKK. R biyu, K biyu, dukansu masu cajin lantarki na ƙari. Gunnar von Heijne na ƙasar Suwidin ya lura a 1986 cewa irin waɗannan duwatsu sun fi taruwa a gefen da ke fuskantar cikin ƙwayar halitta. Ke nan da haruffa 29 kun san inda furotin ya ratsa, kun kuma san wane bakinsa ne a ciki, wane ne a waje, alhali ba ku taɓa madubin ƙara girma ba.

Amma akwai tarko, kuma gara ku faɗa cikinsa a kan takarda. In kuka ɗauko jerin daga UniProt za ku ga duwatsu 150, kuma lissafinku zai nuna tudu biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a farko. Wanda ya yi gaggawa zai ce sau biyu furotin ɗin yake ratsa tantani. Ba haka ba ne. Duwatsu 19 na farko adireshi ne, kamar sunan da ake rubutawa a bayan buhun masara a kasuwar Ɗandume don direba ya san inda zai sauke, da kaya ya isa sai a yanke su a yar, a bar 131. Lissafi bai yi ƙarya ba, yankin mai gudun ruwa ne da gaske. Fassararsa ce take buƙatar wanda ya san yadda ƙwayar halitta ke aikinta.

Ko ciwon sikila da ya addabi gidajenmu wannan ma'auni yana haska shi, duk da cewa sinadarin jan jini ba a tantani yake zaune ba. Dutse na shida a carbi mai 146 ne ya sauya, E ya koma V, daga −3.5 zuwa 4.2. Ɗigon mai ɗaya ya bayyana a inda ya kamata a sami mai son ruwa, sai ƙwayoyin suka riƙa mannewa da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje.

Mu dawo kan tambayar da na yi wa ɗan ƙanwata, domin ta shafi gonakinmu kai tsaye. Ƙasar nan tamu, daga Maska zuwa Daudawa zuwa Malumfashi, auduga ce ta fito da sunanta, ita ta jawo injinan gurza da masaƙar Funtuwa. Wake kuwa shi ne naman talaka. Su biyun tsutsa ce babbar abokiyar gabarsu. A 2018 Najeriya ta amince da irin auduga biyu masu ɗauke da furotin ɗin Bt, waɗanda kamfanin Mahyco ya gwada tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. A watan Disamba na 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa a wannan cibiya, don maganin tsutsar Maruka mai cin fure da kwanso. Masu binciken sun ce manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas zai iya tsayawa a biyu. A Janairun 2024 masarar TELA ta biyo baya. Furotin ɗin da ke cikinsu daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa aka samo shi, wadda aka fara gani a Japan a 1901 tana kashe tsutsar siliki.

To, in ka ɗauki jerin wannan furotin, wanda ake kira Cry, ka bi shi da ma'aunin da muka yi amfani da shi ɗazu, ba za ka ga abin da ya fito sarari kamar na gilaikoforin ba. Dalili kuwa shi ne ba mazaunin tantani ba ne, ɗan fashi ne. Yana yawo cikin ruwa lafiya lau, man da ke jikinsa a ɓoye. Lokacin da aka fitar da surar ɗaya daga danginsa a Kambirij a 1991, sai aka ga sashensa na farko murɗi bakwai ne, ɗaya mai maiƙo a tsakiya, shida sun kewaye shi kamar dogarai. Su shidan kuma fuska biyu gare su, gefen da ke kallon ciki mai ne, gefen da ke kallon waje na ruwa ne, kamar sabulu. In ka haɗa makin irin wannan murɗi a jere, mai da ruwa sai su cinye juna, ka sami abin da bai kai ya kawo ba. Sai ka zana duwatsun a da'ira, kana juya digiri 100 daga kowane dutse zuwa na gaba, sannan za ka ga masu maiƙo sun taru a gefe guda. Wannan ma da fensir da kwamfas ake yi.

Ga yadda fashin yake gudana. Tsutsa ta ci ganye ko fure. Ruwan hanjinta na kanwa-kanwa ne, akasin cikin mutum mai tsami. Sinadaran narka abincinta sukan datse furotin ɗin su bar tsakiyarsa mai aiki. Sai ya lalubi wasu furotin na musamman da ke kafe a tantanin hanjin ya kama su, kamar kadirin da wanda ake kira ABCC2. Da ya kama sai ya haɗu da 'yan'uwansa, ya buɗe, murɗin nan da aka ɓoye su nutse cikin man tantani su huda rami. Gishiri da ruwa su kwararo ciki, ƙwayoyin hanji su kumbura su fashe. Tsutsa ta daina ci, bayan 'yan kwanaki ta mutu.

Na daɗe a kan wannan ne saboda gardamar da nake ji a majalisu da tashar mota. Wani ya ce waken nan guba ne, wani ya ce yana hana haihuwa, wani kuma ya ce duk mai shakka jahili ne. Ku da kuka yi karatu, bai kamata a same ku kuna maimaita maganar kowane ɓangare kamar aku ba. Wanda ya san cewa aikin furotin ɗin ya rataya ne a kan ruwan hanji mai kanwa da kuma ƙofar da ta dace da shi, ya san dalilin da ya sa yake kashe Maruka amma ya bar kwarkwatar wake da ƙwarin da ke tsotsar kwanso, har ya zama dole a yi feshin nan biyu. Ya kuma san tambayar da ta fi cancanta a yi, wadda ba a cika yi ba a majalisa: in tsutsa ta sauya ƙofarta fa?

Ta kuwa taɓa sauyawa. Indiya ta fara noman audugar Bt a 2002. Kafin shekara goma jar tsutsar auduga ta fara jure furotin ɗin Bt na farko da aka sa wa audugar a jihar Gujarat, zuwa wajajen 2015 ta jure na biyun da aka ƙara ma, kuma da aka bincika an sami sauye-sauye a jerin furotin ɗin tantanin hanjinta. Shi ya sa ake cewa a shuka ɗan yanki na iri na gargajiya kusa da na Bt, don tsutsotsin da ba su da juriya su rayu su yi barbara da masu ita. Manomi yana ganin wannan yanki asara ne, kuma ba zai daina ganin haka ba sai ɗansa ya zauna ya warware masa dalili da Hausa. Manoman Burkina Faso kuwa sun bar audugar Bt a 2016 bayan shekara takwas, ba don tsutsa ba, sai don zaren ya gajarce, darajarsa ta faɗi a kasuwa. Ni a ganina waken Samaru ya fi audugar sauƙin karɓa ga ƙaramin manomi, domin wake yana iya ajiye irinsa ya sake shukawa, audugar kuwa 'yar aure ce, kowace damina sai an sayo sabuwa. Wannan ra'ayina ne, kuna iya saɓa mini, amma ku saɓa da hujja.

Kada ku ɗauka ina ƙyamar kwamfuta. Bayan ma'aunin 1982 an yi manhajoji irin su TMHMM na ƙasar Denmak, wanda ya haɗa dokar maiƙo da dokar von Heijne da tsawon murɗi ya auna su lokaci guda. Sannan AlphaFold ya zo a 2020 ya girgiza fannin, zuwa 2022 an zuba hasashen sura fiye da miliyan 200 a intanet kyauta, a 2024 kuma Demis Hassabis da John Jumper, masu AlphaFold ɗin, suka raba kyautar Nobel da David Baker. Abin da ya ci wa Jamusawan nan shekaru, yau yaro a Maska yana iya ganin kwatankwacinsa da datar naira ɗari biyu. Ni'ima ce. Sai dai hoton da ɗan ƙanwata ya nuna mini furotin ne shi kaɗai a fili, babu tantani, babu ruwan hanji, kuma a surarsa ta kafin ya buɗe. An nuna masa wuƙa a cikin kube. Launukan ma magana suke yi, shuɗi mai duhu na nufin manhajar ta amince da abin da ta zana, ruwan lemo na nufin lalube take yi, amma shi ya ɗauka ado ne. Kuma in dutse ɗaya ya sauya, irin na sikila ko irin na tsutsar Gujarat, sau da yawa hoton ba ya motsi ko kaɗan, alhali a jikin mai rai komai ya canza.

Saboda haka hasashe sunansa hasashe. Malamin gona yana iya duban hadari ya ce za a yi ruwa, amma ba wanda yake shuka sai ya tona ƙasa ya ga inda laima ta kai. In manhaja ta ce muku wani yanki yana ratsa tantani, ku tambaye ta da me ta sani, ku gwada ta biyu ku ga ko bakinsu ya zo ɗaya, ku nemi ko wani ya taɓa aunawa a ɗakin gwaji. A rubutunku ku rarrabe abin da aka gani da abin da aka zata. Na karanta kundin ɗalibai da yawa cike da hotuna masu kyau da kalmar "an tabbatar", alhali ko kwalbar gwaji ɗaya ba a wanke ba.

Abin da ya sa nake matsa muku shi ne tambayoyinmu ba wanda zai yi mana su. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi suna a duniya da binciken sinadaran da ke jikin ƙwayar sammore, cutar da kowane makiyayi ya sani, kuma a Zariya ya yi aikin, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga nan. Ƙwayar sammore tana da rigar furotin da take ɗaurewa a tantaninta da ɗan ƙugiyar mai, alamar ƙugiyar kuma ana karanta ta a wutsiyar jerin. Dafin kumurci da ke ruɓar da nama, shi ma furotin ne mai manne wa tantani. Jurewar da zazzaɓi ya yi wa kulorokwin daga sauyin dutse na 76 ne a wata ƙofa mai murɗi goma. Tsutsar Maruka ta gonakin Maska kuwa, wani zai zauna wata rana ya karanta jerin ƙofofin hanjinta shekara bayan shekara, ya ga ko sun fara sauyawa kafin manomi ya gani a kwanso. Zai fi kyau mai yin wannan ya kasance wanda ya san bambancin furen da ya zube don fari da wanda tsutsa ta ci. Kada ku raina lissafi, kada ku gudu daga Turanci don da shi aka rubuta kayan aikin, kuma ku koyi ɗan rubuta umarnin kwamfuta, ko da wanda zai yi muku haɗin makin nan ne kawai. Ku 'yan mata, wannan aiki ba ya neman ƙarfin damtse ko tafiyar dare, kuma turmin da na fara da shi ku kuka fi saninsa.

Kafin ɗan ƙanwata ya koma makaranta na yago masa takarda daga tsohon littafin rajista, na rubuta masa makin duwatsu ashirin ɗin a gefe. Na ce ya samo jerin Cry1Ab, wanda ke cikin waken Samaru, ya zana mini murɗi na huɗu da na biyar a da'ira, masu maiƙo da jan biro, masu ruwa da shuɗi. Ya ce, "Kawu, ai akwai manhajar da ke yin wannan cikin daƙiƙa." Na ce na sani, ya yi da hannu tukuna, sannan ya tambayi manhajar ya ga ko sun dace. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Mun yi da shi zai kawo ta lokacin kaka, mu tafi da ita gonar bayan gari, mu ɓare kwanson wake ɗari daga kowane ɓangare mu ƙirga masu rami.